Sai Yanar Ta Nuna

Likitan ya matso da 'yar tocilarsa daf da idon Maikasuwa na hagu, ya kunna.

"Ina hasken yake, Malam?" in ji Sista Dorkas, ma'aikaciyar jinyar da ke yi masa tafinta.

Maikasuwa ya ɗaga yatsa ya nuna daidai. Aka kai tocilar sama, ya bi ta. Aka kai ta gefe, ya sake binta. Da aka koma idon dama kuwa, sai ya ɗan jira, sannan ya yi dariya ya ce, "Sista, ki ce masa ya kunna mana."

Tocilar kuwa a kunne take.

Falalu, ƙanin Maikasuwa, yana tsaye jikin bango da igiyar gudunsu naɗe a hannu, bakinsa na motsi. Tun da aka gina asibitin Kazaure, da wuya in an taɓa samun wanda ya shigo yana roƙon Allah kada a sami lafiya a jikin ɗan'uwansa sai shi. Dalili kuwa, wata mai kamawa za a yi gasar nakasassu ta ƙasashen duniya can Turai, inda guragu da makafi da masu dungu za su kara a gudu da ninkaya da jifa da ɗaga ƙarfe, kuma sunan Maikasuwa na cikin waɗanda za su. Sharaɗin da ya rage ɗaya ne, sai likita ya tabbatar makaho ne na gaske. In ya tabbatar, Falalu ma ya sami kujera a jirgi, don shi ne ɗan jagoran da ke gudu kafaɗa da kafaɗa da shi, igiya ɗaure a wuyan hannayensu.

Su dai ba su taɓa tashi da niyyar zama 'yan wasa ba. Igiyar rama Maikasuwa ke tufkawa a Roni, su bi kasuwanni suna sayarwa. Wata rana motar kasuwar Gwiwa ta tashi da damin igiyoyinsu a sama ta bar su suna alwala, suka ɗiba a guje suka bi ta. Malam Muhammadu Lawal, jami'in wasanni na yankin, yana bayansu a kan babur ɗinsa Besfa, ya bi su baki buɗe har suka kamo motar a gangaren rafi. Daga nan sai Kano, daga Kano sai Ikko, ko'ina suka je su ne a gaba. Zamani ne da kuɗin mai ke yawo, gwamnati kuma ta ce bana shekarar nakasassu ce, sai ga mai tufka igiya da fasfo.

Likitan, wani Ba'indiye mai furfura da aka ɗauko daga Kano musamman, ya ajiye tocilar. Ya sa yatsu biyu ya danna fatar idon hagu a hankali, Maikasuwa ya ɗan zabura. Fuskar likitan ta canza. Ya juyo ya zuba Turanci da sauri, da murya irin ta mai faɗa. Turancin Falalu a aji shida ya tsaya, amma ya tsinci "wa" da "me ya sa" da "shekara nawa". Ya raya a ransa: Shi ke nan, an ce yana gani da yawa.

Sista Dorkas ta ɗiga wa Maikasuwa magani, ta kama hannunsa ta kai shi kan benci a baranda. Ta dawo ta turo ƙofa.

"Kai ne ƙaninsa?"

"Ni ne, Sista. Bai ci ba ko?"

"Ya ci. Makaho ne, likita zai sa hannu, ba ƙarya a ciki." Matar ta daɗe a Kazaure, ta san yadda ake shigar da magana cikin gidan mutane. "Tun yaushe ya daina gani?"

"Yana ɗan sha biyar abin ya fara. Shekara goma sha uku ke nan."

"Ba ku taɓa kai shi an duba ba?"

"An kai shi," in ji Falalu da sauri, don ba ya son a ɗauke su mutanen da ba su san ciwon nasu ba. "Baba, Allah ya jiƙansa, ya kai shi kasuwar Babura wurin wani mai aikin ido da allura da ke zuwa daga ƙetaren iyaka. Ya duba ya ce yanar ido ce, amma ba ta nuna ba, ba a cire ta ɗanya. Ya ce a komo in ta nuna."

"To, kun koma?"

"Ai ba ta nuna ba har yanzu. Adda, mahaifiyarmu, na dubawa duk bayan Sallah. Mutumin ma an daina ganinsa a kasuwa."

Sista ta mayar wa likita. Ya cire tabarau, ya dafe goshi, ya faɗi wata gajeriyar magana.

"Ya ce ku gode wa Allah da mutumin bai dawo ba, da allurarsa ta tsiyaye idon gaba ɗaya," in ji Sista. "Ya kuma ce yanar ta nuna tun kusan shekara goma. Aikin rabin awa ne, Falalu. A cire ta, a ba shi tabarau mai kauri, ya ga hanya, ya ga fuskar uwarsa."

Falalu ya ji maganar sarai, amma ta ƙi shiga. Ya dubi bakin Sista, ya dubi likita, ya dubi fankar da ke juyawa a sama. Igiyar ta sulale daga hannunsa ta faɗi ƙasa bai sani ba.

"Rabin me?"

"Rabin awa."

Ya zauna a kan kujerar da yayansa ya tashi. Abin da ya faɗo masa ba jirgi ba ne, ranar da aka cire shi daga makaranta ce. Hedimasta ya zo har zaure sau biyu yana roƙon a bar yaron, kansa na ja. Malam Daudu, mahaifinsu, ya ce, "Na ɗan lokaci ne, Malam. Ya riƙe wa yayansa sanda kafin yanar ta nuna, sai ya koma." Abokan ajinsa yanzu wasu akawuna ne, wani ma har da mota. Shi kuwa ga shi nan, ya yi gemu yana jiran yana ta nuna.

"Akwai saura," in ji Sista Dorkas, ta sunkuya ta ɗauko masa igiyar. "Ka tuna ko ya taɓa wani ciwon kai mai tsanani, ido ya yi ja, har da amai?"

Ya tuna. Damina uku da suka wuce ne. Kwana da kwanaki Maikasuwa na birgima riƙe da gefen kai na dama. Wanzami ya yi masa ƙaho, aka yi rubutu ya sha, ciwo ya lafa, kowa ya yi hamdala. Tun daga lokacin in an buɗe ƙofar ɗaki da safe, ta hagu kawai yake juyowa.

Sista ta ce, "A wannan ciwon ne idon dama ya mutu. Yana in ta wuce nuna, ruɓewa take, ta kashe idon. Wannan ba mai dawo da shi sai Allah. Na hagun ma ya fara tauri, shi ne likita ya ji da yatsa. Bai yi kukan ciwon kai ba kwanan nan?"

Makon jiya ya yi. Falalu da bakinsa ya ce masa zafin rana ne, ya daure, gasa ta matso.

"Likita ya ce ku same shi Kano gobe, jibi ya yi aikin. Ba a jira."

Malam Lawal, wanda tun ɗazu ke zaune a kusurwa da hularsa a gwiwa, ya yi gyaran murya. Ya yi wa likita Turanci, likita ya ba shi amsa a gajarce, ya girgiza kai. Falalu bai buƙaci tafinta ba. Wanda aka yi wa aikin ido ba ya gudu, wanda kuma ya gani ba ya shiga tseren makafi.

"Kai za ka gaya masa," in ji Sista. "Daga bakin ɗan'uwa ta fi sauƙin haɗiya."

Kafin su isa baranda Malam Lawal ya ja Falalu bayan ɗakin magani, ƙarƙashin wata darbejiya. Shi ma gumi yake, yana ta gyara hula.

"Falalu, wallahi ni ma jikina ya mutu. Amma tsaya mu yi tunani irin na manya. Wata ɗaya ne fa. Wanda ya jira shekara goma sha uku, wata ɗaya zai gagare shi? Ku je ku dawo, ni da kaina zan kai shi Kano a motar ofis."

"Ranka ya daɗe, Sista ta ce na daman bai jira ba."

"Likitoci ai sun iya tsoratarwa. Ka san wuyar da na sha kafin a sa sunan ɗan Roni a cikin 'yan Ikko da Ibadan? Ba wanda ya taɓa zuwa daga wannan yanki, ba kuma na jin za a sake ba mu. Kuma ka yi tunanin kanka. Na riga na yi magana, in kun dawo akwai aiki a hukumar wasanni, kai da shi. Kai ba ka son ka zama wani abu?"

Abin da ya fi ba Falalu tsoro shi ne maganar ta yi masa daɗi. Mutumin nan ba mugu ba ne, shi ya saya musu takalman gudu da kuɗin aljihunsa, kuma abin da ya faɗa, zuciyar Falalu ta riga shi faɗa tun cikin ɗakin likita.

"Ban ce ka yi ƙarya ba," in ji Malam Lawal, murya ƙasa-ƙasa. "Ka dai jinkirta."

Maikasuwa na kan benci ya tara masu jiran layi yana ba su labarin Ikko, wai teku ya ji ƙararsa ya tsorata ya ja da baya. Da jin takun ƙaninsa ya juyo ta hagu.

"Yaya aka yi? Na ci?"

"Ka ci, Yaya. Ya ce makaho ne kai na gaske."

Maikasuwa ya tafa hannu ya ƙyalƙyale da dariya. "Jama'a ku ji fa! Sai da aka ɗauko Ba'indiye tun daga Kano kafin a gano abin da karnukan Roni suka daɗe da sani."

Baranda ta ɗauki dariya, ban da mutum ɗaya.

A tasha 'yan kamasho suka yi ta kiran "'Yan Turai! 'Yan Turai!" Direban akori-kura ya rantse ba za su zauna a baya ba, ya saukar da wani mai kaji daga gidan gaba ya ba su. Duk tsawon hanya Maikasuwa na zuba. Yana so ya ji yadda ciki ke yi in jirgi ya bar ƙasa. Yana so ya taɓa ƙanƙarar da aka ce tana sauka kamar audugar rimi. An gaya masa akwai makafin Turawa masu ninkaya, shi kam sai ya tsaya bakin ruwan ya ji da kunnensa.

"Ka san dai, in makaho ya ce a yi wasan jifa, dutse ya taka," ya ce wa direba. "Ni nawa dutsen ga shi nan zaune kusa da ni."

Ya dafa gwiwar Falalu. Falalu ya kawar da kai yana kallon duwatsun da ke wucewa. Ya ce a ransa, bari a sauka tukuna, ba a faɗin irin wannan a gaban direba.

Suka sauka a mararraba kamar yadda suka saba, don su ƙarasa gida da gudu. Falalu ya zura hannu cikin madaukin igiyar, Maikasuwa ya zura nasa. Shi ya tufka ta da kansa, gajeriya ce, ba ta kai kamu ɗaya ba, ta yi baƙi ta yi santsi saboda gumin mutum biyu. Ba sa magana in suna gudu, igiyar ke yi. A ɗan ja, kwana ce. A sassauta, hanya ta miƙe. A girgiza, rami ne, ɗaga ƙafa.

Gero ya yi kai a dama da hagu, ƙasa da sauran danshin ruwan shekaranjiya. Suka wuce masu kiwo, suka wuce mata da tuluna, ana ta yi musu kirari. Falalu na kallon yayansa ta wutsiyar ido. Mutumin na gudu kamar wanda aka halitta don haka, kai a sama, baki a ɗan buɗe, yana murmushi. Sai a hawan tudu ya ga ya runtse idon hagu, ya kai hannu ya murza gefen kansa, ya yi saurin saukewa.

A nan Falalu ya manta da wani kwazazzabo da ya sani kamar tafin hannunsa. Maikasuwa ya yi tuntuɓe, ya kai gwiwa ƙasa. Rabon da hakan ta faru tun suna yara.

"Yi haƙuri, Yaya."

Maikasuwa ya miƙe yana kaɗe wando. Bai saki igiyar ba, ya ɗan jijjiga ta kamar mai auna nauyi.

"Tun daga mararraba igiyar nan ba ta gaya mini komai. Ina hankalinka yake?"

"Gajiya ce."

"Kai da gajiya?" Ya karkato da kunne. "Ko tsoron jirgi kake? Kada ka damu, in ya tashi ni zan riƙe ka."

Suka ƙarasa da tafiya.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka yi sallama. Tsakar gida cike da ƙamshin soyayyar gyaɗa. Adda, mahaifiyarsu, ta tara maƙwabta ana yin ƙuli-ƙuli da dakuwa, don an tabbatar mata Turawa ba su da abinci sai ganye. Da jin an ce likita ya sa hannu, Dela maƙwabciyarsu ta rangaɗa guɗa, yara suka ɗauka.

Adda ba ta yi guɗa ba. Ta goge hannu a zani ta ce, "Ya taɓa maka ido? Zo nan in gani, kada ya zama ya motsa ta."

Maikasuwa ya durƙusa gabanta kamar yadda yake yi duk bayan Sallah. Ta juya fuskarsa ta fuskanci yamma inda haske yake, ta sa babban yatsa ta ɗaga fatar idon. Falalu ya sha ganin wannan, amma yau ne ya fara kallon fuskarta maimakon idon. Ba ta ma duba sosai ba, kallo ɗaya ta yi ta sauke. Sai ya gane ita ma ba ta san yadda nunanniyar yana take ba, ba wanda ya taɓa gaya mata. Allurar mutumin Babura kawai take gani a idon ɗanta, shekara da shekaru.

"Da saura," in ji Adda, ta sauke ajiyar zuciya. "Ciwon ido sai haƙuri."

"Ta nuna, Adda."

Muryar Falalu ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so. Taɓaryar Dela ta tsaya a sama.

"Me ka ce?"

"Ta nuna. Ta daɗe da nuna. Likita ya ce mu same shi Kano gobe, jibi ya cire ta. Ba allurar kasuwa ba ce, aikin asibiti ne, rabin awa. Ya ce zai gani."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Dela, ta rasa ko guɗa za ta yi ko salati.

Adda ta zauna daɓas a ƙasa, kusa da turmi. Ta dubi Falalu, ta dubi yatsan da ta ɗaga idon da shi.

"Duka biyun?"

"Na hagu."

Ba ta tambayi na dama ba. Ita ta yi jinyar wancan ciwon kai, ita ta riƙe kansa wanzami na ƙaho. Ta ja gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suka fara girgiza.

Maikasuwa na nan durƙushe inda aka bar shi, fuska na kallon yamma. Ya kai hannu a hankali ya shafa idonsa na hagu, kamar wanda aka ce masa akwai kuɗi a aljihun tsohuwar riga.

"Tun a asibiti ka sani," ya ce can.

"Tun a asibiti."

"Shi ne igiya ta yi shiru."

"Shi ne."

"In an jira mu dawo fa?"

"Sai ya bi na daman."

Maikasuwa ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana gyaɗawa.

"Jirgin fa?"

Falalu ya ce, "In zai wuce ka ɗaga kai ka gan shi."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce wa Maikasuwa, ta tsinke a tsakiya. Ya laluba ya kamo igiyar da har yanzu ke haɗe da hannayensu, ya bi ta da yatsu har ya iso wuyan hannun ƙaninsa, inda ta yi masa kanta. Ya tsaya a nan yana shafawa.

"To kai fa, Falalu? In na gani, wa za ka ja?"

Gyaɗar da aka manta a kasko ta fara ƙauri, ba wanda ya tashi.

"Motar Kano da asuba take tashi," in ji Falalu. "Bari in ɗauko maka ruwan alwala."

Ya juya zai tafi, igiyar ta riƙe shi. Sai da ya tsaya ya zare hannunsa.